Gwaggo Frida Ba Ta Ciwo

Wani wuri a Gabas,
14 ga Satumba, 1941.

Zuwa ga matata Herta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinki, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗan baƙon da ke cikinki. Yaya nauyin jiki? Ƙafafun suna nan suna kumbura da yamma? Yaya Baba da tarin nan nasa da ya ƙi jin magani? Ni dai ƙalau nake, kewarki ce kawai ke cina.

An hana mu rubuta sunan inda muke, ko da an bar ni ma ba zan iya harhaɗa baƙaƙensa ba. Daji ne da fadama, sai layin dogo da ya ratsa su ya miƙe sambal, mutum ya wuni yana tafiya bai ga hasumiyar coci ko ɗaya ba.

Kin ce tun muna Faransa nake cika miki takarda da "Frida ta yi kaza, Frida ta ce kaza," har maƙwabciyarmu da kika karanta wa ta fara yi miki kallon tausayi. To ki kwantar mata da hankali. Frida tarago ne guda ɗaya, dogo, an lulluɓe shi da sulken ƙarfe tun daga sama har ƙasa, da igwa a kowane ƙarshe. Injinta a cikinta yake, ba ta jiran kan jirgi ya ja ta, kuma ba ta da gaba ba ta da baya, duk inda aka ce ta nufa nan ne gabanta. A takardun soja lamba ce kawai. Kuno, mai harba igwar gaba, shi ya raɗa mata Gwaggo Frida, wai tana tuna masa da yayar babansa mai faɗin ƙugu da yawan mita da safe. Ta riga ni shiga yaƙin, tun a ƙasar Folan aka fara harbinta, tabon yana nan a gefenta na hagu.

Yanzu ga amsar tambayar da kika yi mini har sau biyu a takarda ɗaya. Duk waɗanda ke cikin Frida sojoji ne, ni kaɗai ne ɗan reluwe, kuma irin injinta ba shi da yawa, a cikinmu ba a koya wa kowa shi ba sai ni. Saboda haka su ana ba su hutu bi da bi, ni kuwa babu wanda zai zauna a kujerata. Na je na sami shugabanmu, Laftanar Reinke, na gaya masa matata ta kusa haihuwa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Direba, kai da ita igiya ɗaya ta ɗaure ku. Ranar da aka kira ta babban gareji a gida, ranar za ka ga matarka. Kafin nan ko mutuwa za ka yi sai ka nemi izini." Ba da mugunta ya faɗa ba, haka dokar take.

Kada wannan ya tayar miki da hankali. Babu injin da ba ya neman babban gyara, balle wanda ake wahalarwa kamar wannan. Kuma kowa a nan cewa yake yaƙin zai ƙare kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Abin da ya ɗan taɓa mini zuciya shi ne ƙafafunta. Layin Rasha ya fi namu faɗi da kamar tafin hannu, sai da aka buɗe mata ƙafafu kafin ta hau shi. Ran nan ina zaune na tuna cewa ko da na haukace na juya ta na ce sai gida, a bakin iyaka za ta tsaya.

Ki gaya wa Baba ban bar abin da ya koya mini ba tun ina zuba masa kwal ina satar kallon 'yarsa. Duk inda muka tsaya sai na sauka na zaga ta, in ɗora bayan hannuna a kan kowane akwatin ƙafa in ji ko ya ɗau zafi, in ɗura mai, in ƙwanƙwasa ƙafar da guduma in saurari amonta. Da Kuno ya gan ni da butar mai sai ya leƙo ta sama yana ihu, "Ku ba da hanya, likita ya fito zagaye! Gwaggo, yau ina ke miki ciwo?" Ba na kula shi.

Idan namiji ne ki sa masa sunan Baba. Idan mace ce ina nan a kan Renate, ko da kin ce sunan ya yi kama da na malamar makaranta. Ki daina ɗauko bokitin kwal daga ɗakin ƙasa, na san halinki.

Ki gaishe da Baba da kyau.

Mijinki mai begenki,
Ewald.

*

22 ga Janairu, 1942.

Herta tawa, maman Renate,

Gaisuwa da barka, da godiya ga Allah da ya sauke ki lafiya. Yaya ƙarfin jiki? Yaya jaririyar, tana kama nono sosai? Yaya Baba, an ce tun da ya zama kaka ba ya rufe baki? Takardarki ta yi makonni a hanya, sai bayan Kirsimeti ta iso, wato ina da 'ya a duniya kwana da kwanaki ban sani ba. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan na fita na tsaya a bayan Frida inda ba mai ganina. Kin ce kunnuwana ta ɗauko. Ki ba ta haƙuri, ba da gangan na yi ba.

Yaƙin da aka ce zai ƙare yana nan daram. Sanyin ƙasar nan kuwa ba irin namu ba ne. Burodi sai da gatari muke saran sa. Baƙin mai ya daskare kamar man shanu, wanda ya taɓa ƙarfe da hannu tsirara kuwa sai ya bar fatarsa a wurin. Kawunan jirage birjik a tasha, sun mutu murus. Ni kuwa kullum da yamma sai na zuƙe ruwan injin Frida na ajiye kusa da murhu, da safe in ɗumama in mayar. Na sa mata kaskon wuta a ƙarƙashin ciki, na naɗe bututunta da bargona ɗaya. Ko rana guda ba ta ƙi tashi ba. Har ɗan ƙyalle aka maƙala mini a ƙirji saboda haka, da kwalbar barasa.

Ga abin da nake jin nauyin gaya miki. A tashar nan akwai wata 'yar'uwar Frida, sabuwa fil, direbanta Sepp, mutumin kirki amma malalaci na ƙarshe. Ya sha ya yi barci ya bar ruwa a injin, ruwan ya daskare ya tsaga shi gida biyu. Aka yi masa faɗa, aka rage masa igiya. Sannan aka ɗaura taragonsu a bayan wani jirgi, su duka da shi suka nufi Jamus, an ce gyaran zai ci watanni. Suna wucewa suna waƙa, Sepp yana ɗaga mini hula.

Kuno ya juyo ya dube ni ya ce, "Allah ya isa tsakanina da butar man nan taka, Ewald! Dubi wannan sakaran zai je ya kwana a gadon matarsa, kai kuma gwanin duniya sai ka zauna ka rungumi gwaggonka." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Sai da na koma kujerata maganar ta zauna mini. Da na yi barci irin na Sepp rana ɗaya tak, da yanzu Renate tana hannuna.

Na san abin da za ki ce. Amma Herta, ni ban san yadda ake barin inji ya mutu ba. Ba a koya mini ba. Kuma rayukan mutanen nan a kan ƙafafunta suke, idan ta tsaya a tsakiyar daji babu mai zuwa ɗaukarmu. Laftanar ya rubuta a aiko da direba na biyu, an ce yana nan tafe da bazara.

Ki sa a ɗauki hotonta ki aiko mini. Kada ku jira ni da baftisma, ku yi abinku, amma ki rubuto mini ko ta yi kuka da fasto ya zuba mata ruwa.

Ki sumbace ta a kunnuwan nan.

Naki,
Ewald.

*

9 ga Mayu, 1943.

Masoyiyata Herta,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga gida ba. Yaya kike, yaya Renate da haƙoran da suka hana ku barci? Yaya Baba? Wannan takarda ba ta hannun gidan wayar soja za ta zo ba. Kuno ya sake samun hutu, kuma a garinmu yake canza jirgi, shi zai kawo miki ita hannu da hannu. Saboda haka yau zan rubuta abin da ba na iya rubutawa a sauran.

Direba na biyu da nake ta yi miki alkawari tun bara, ki cire shi daga ranki. Wanda aka fara turowa an karkatar da shi kudu tun bai iso ba, na bayansa kuma ko sunansa ba mu ji ba. Na daina tambaya.

Kin sha tambayata aikin me muke yi yanzu, ina ce miki sintiri. Gaskiya ne, amma ba duka ba ke nan. Mutanen ƙasar sun shiga daji suna yaƙin sari-ka-noƙe, suna binne nakiya a ƙarƙashin dogo. Kullum da sassafe mu ke fara bin layin kafin a saki jiragen kaya, muna tura taragon duwatsu a gabanmu don in nakiya za ta tashi ta tashi da shi. An yi haka ba sau ɗaya ba. Tarago ya yi sama, duwatsu su zubo mana kamar ruwa, ƙura ta lafa, in sauka in zaga Frida, ko ƙwarzane babu. Sojoji har shafa ta suke yi suna cewa Gwaggo ba ta ciwo. Ni kaɗai ne maganar nan ba ta yi wa daɗi.

An sare itatuwa dama da hagu na layin. Ƙauyen da aka ce nakiya ta tashi kusa da shi kuwa, ƙona shi ake yi. Makon jiya mu aka aika. Na tsayar da ita inda aka ce in tsaya, sojoji suka sauka, ni ina zaune ina kallo ta 'yar tsagar da nake hangen hanya. Wata mata ta fito daga hayaƙin da yarinya a kafaɗa, ba za ta wuce sa'ar Renate ba, ƙafarta ɗaya da safa ɗaya babu. Ta tsaya a bakin dogo tana kallon tsagar nan. Ba za ta iya ganina ba, amma ta san akwai mutum a ciki. Ban taɓa harba ko harsashi ɗaya ba a yaƙin nan, kuma da wannan nake lallashin kaina. Amma ni na kai su, Herta, kuma a kan lokaci na kai su, don Frida ba ta makara. Tun ranar idan na ɗauko hoton Renate sai in ga safar nan.

Kada ki karanta wa Baba wannan wurin.

Wani abu kuma. An matse layin nan ya koma faɗin namu, an mayar wa Frida ƙafafunta na gida. Wato ƙarfen da nake kai yanzu, in aka bi shi aka bi shi, shi ne wanda ya wuce ta bayan lambunmu inda kike shanya. Wani lokaci in muka tsaya nakan ɗora tafin hannu a kansa. Na san wauta ce, ba sai kin faɗa ba.

Ki ba Kuno abinci amma ki ɓoye tukunyar, ba ya sanin ya ƙoshi. Duk abin da ya gaya miki a kaina ki raba biyu ki zubar da rabi. Ki bar shi ya ɗauki Renate, na roƙe shi ya dube ta da kyau ya zo ya ba ni labari.

Ni ne mijinki,
Ewald.

*

20 ga Yuni, 1943.

Zuwa ga Herta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Renate da Baba, ina sanar da ke Kuno ya dawo lafiya, da safa da kek ɗin da kika aiko, ko da yake kek ɗin ya iso da gefe ɗaya a cinye, wai ɓera ne a jirgi. Yaya kuke da jiragen saman nan masu jefa bama-bamai? Ya ce yanzu rabin kwananku a ɗakin ƙasa kuke yi. Me ya sa ba ki taɓa rubuta mini ba?

Na zaunar da shi na hana shi tashi sai da ya ba ni labarinta tun daga gashi har yatsun ƙafa. Ya ce tafiya take kamar wadda ta sha ta bugu, tana kama kujeru. Ya ce ta cusa masa dankali a kunne. Ya ce in ta yi fushi sai ta haɗe gira ta juya wa mutum baya, "sak ubanta in an taɓa masa butar mai." Na yi ta dariya har ya zo kan maganar tasha. Wai da kuka raka shi, duk namijin da ta gani da hular reluwe sai ta nuna shi ta ce Baba, har mai duba tikiti, har tsohon nan mai share dandamali. Na tashi na ce zan duba injin.

Herta, ban taɓa jin hassadar mutum ba irin wadda na ji ta Kuno ranar nan. Hannun nan nasa mai datti ya san nauyin 'yata, nawa bai sani ba.

Ya isar da saƙon Baba. Wai duk wanda ya zauna kusa da shi a gidan giya sai ya ji cewa surukinsa ya shekara uku a kan tarago ɗaya bai taɓa ƙona ƙafa ba, kuma shi ya koya masa. Ki ce masa na gode, na ji daɗi.

Ya kuma isar da naki, wanda kika ƙi rubutawa kika ce ya faɗa da baki. Ya miƙe tsaye ya riƙe ƙugu yadda kike yi, ya ce, "Ka gaya wa mijin nan nawa na gaji da zaman aure da hoto. Ka ce masa gwaggo tsohuwa ce, tsofaffi kuma sukan kwanta ciwo, ba abin kunya ba ne." Sojoji suka yi ta tafi, sun ɗauka wasa ne. Ni na san muryarki ko a bakin Kuno, na kuma san ba wasa kike ba.

Na ji. Ba zan ce komai a kai ba a wannan takarda. Ki dai sani tun ranar ba na barcin kirki, saƙonki a kunne ɗaya, na Baba a ɗayan. Kada ki yi fushi da ni, ke kaɗai nake da ita. In ƙararrawa ta buga ku sauka ƙasa nan da nan, kada ki tsaya ɗaukar kaya.

Mai ƙaunarki,
Ewald.

*

12 ga Satumba, 1943.

Herta! Herta tawa,

Gaisuwa a gurguje, ina fata kuna lafiya. Gwaggo ta kwanta! Ƙafarta ta baya ta ƙone, sandar da ke riƙe ƙafar ta cinye, injiniya ya duba ya ce ba mai iya gyara ta a nan, sai babban gareji. Za a ja ta a hankali, mu kuma an ba mu hutu gaba ɗayanmu. Takardata tana aljihuna da sa hannun Laftanar, ina taɓa ta ina rubuta miki wannan.

Sai mun jira waɗanda za su karɓi layin, sannan mu taso. An ce jirgin 'yan hutu zai iso garinmu ranar Asabar, biyu ga Oktoba, da la'asar. Ki zo tasha, ki zo da Renate. Ki nuna mata hotona kullum daga yau, ki ce mata wannan ne, ba mai share dandamali ba. Zan sauko da hulata a kai don kada ta ruɗe. In akwai sauran sukari ki yi mana kek, in babu ruwan zafi ma ya ishe ni. Kada ki yanke gashinki.

Ki gaishe da Baba. Sai na zo.

Ewald naki.

*

28 ga Satumba, 1943.

Zuwa ga matata Herta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Renate, ina roƙon Allah ya sa kuna lafiya. Na san inda kike tsaye kina karanta wannan. Kina kan dandamali, kin sa rigarki mai kyau, kin gama duba fuskokin masu saukowa, sai ga Kuno ya nufo ki da takarda a hannu. Kada ki tsorata, ban mutu ba, ko rauni ban ji ba. Yau da safe abin ya faru, babu wasiƙar da za ta riga shi isowa. Jirgin su Kuno yana shirin tashi, a kan gwiwata nake rubutu.

Bari in fara da abin da ya kamata ki sani, in kin karanta ki jefa a murhu, don harbe mutum ake yi a kansa. Ƙafar nan ba da kanta ta ƙone ba. Kuno ya ce in zuba yashi a akwatin ƙafar, na ce ba zan iya ba. Abin da na yi kawai shi ne na daina ba ta mai. Akwatin baya na dama na zaɓa, na kuma jira lokacin da aikinmu bai nisa da tasha. Kullum in na sauka zagaye sai in bi sauran ɗaya bayan ɗaya, in na zo kansa in wuce. Ba ki san wuyar wannan ba. Hannuna da kansa yake miƙewa, sai da na riƙa cusa shi a aljihu ina damƙe yadin wandona. Kwanaki tana jurewa. Sannan ta fara wani siririn kuka da ni kaɗai nake ji a cikin ƙarar injin, na yi kamar kurma. Ranar da ta yi hayaƙi, warin ya cika ciki, na kawo ta tasha da jan ciki, na sauka na yi amai a bayan tankin ruwa.

Na zaci za a tsare ni, kuma na shirya. Laftanar ya duba sandar da ta yi baƙi ƙirin, ya dafa kafaɗata ya ce, "Da wani direba ne da yanzu yana gadurum. Amma kai? Ƙarfen zamanin yaƙi ne, duk na banza. Kada ka sa wa ranka damuwa, Direba." Har sigari ya ba ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma da na tuna ku sai na haɗiye ta, na ce ta biya.

Jiya nakiya ta tashi a ƙarƙashin kan wani babban jirgi mai sulke a gaba da mu, injin ya tsira amma direbansa ya mutu. Yau da safe muna tsaye da jakunkunanmu sai ga kyaftin ɗinsu ya zo neman direba. Laftanar, don ya yi mini kirki, tun kwanakin baya ya rubuta wa manya irin aikina, har da maganar sanyin bara waccan. Kyaftin ɗin ya karanta. Ya tambaya wane ne Ewald Tiede, na fito. Ya ce, "Mutumin da ya riƙe tarago shekara uku, mu kai shi Jamus ya zauna cin kek har a gama gyara? Injina dizal ne irin naka. Kawo takardar." Laftanar ya buɗe baki ya ce ai mutumin nan bai taɓa ganin 'yarsa ba. Kyaftin ya ce wanda ya mutu jiya ma 'ya'yansa uku. Na miƙa masa, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Kuno ya yi ta zagi har sai da aka riƙe shi, yana zagi yana kuka, ƙaton banza. Ni kuwa na ɗauki jakata. An riga an ja Frida tun shekaranjiya, tana can a hanya, za ta riga ni shiga Jamus. Na cuce ta a banza.

Kada ki gaya wa Baba yadda ƙafar ta ƙone. Ki ce ƙarfe ne marar kyau, ai haka Laftanar ya ce. Kada kuma ki ɗora wa kanki laifi saboda saƙon nan, da ba ki aiko ba ma da na kai ga haka. Ban san yaushe ba yanzu, kuma na daina yi miki alkawari. Jirgin nan sabo ne, kuma ja da baya muke yi.

A jakar da Kuno zai ba ki akwai sukari da sabulu, da wasu 'yan takalman gashi da na saya wa Renate a hannun wata tsohuwa. Da ka na auna, ban san girman ƙafarta ba. In sun yi mata kaɗan ki ba wani.

Suna kiran a shiga. Herta, ina son ki, ina son yarinyar nan da ban taɓa jin muryarta ba, har ƙirjina ciwo yake. Na san tana nan kusa da ke tana nuna masu hula. Ki ɗauke ta ku tafi gida, sanyin yamma ya fara. Kada ku tsaya sai taragon ƙarshe ya wuce, ba na ciki.

Mijinki har abada,
Ewald.